Tsakanin A da C da D: mararrabar da uwaye ba su tsayawa a kanta

Kowace shekara, daidai lokacin da shuka ta fara rufe ƙasa, ake bayyana sakamakon jarrabawar BEPC, wadda ƴan lakwal ke kira birbe. Gidan da ɗansu ya ci sai guɗa da barka, uban yaro ya zauna a bakin rumfarsa ta kasuwa ko a ofishinsa yana karɓar hannu, bayan kwana biyu kowa ya koma harkarsa. Amma akwai wata takarda da ke fitowa daga baya, babu guɗa babu barka, wadda ke faɗin ajin da yaro zai shiga a lise da kuma harafin da aka liƙa masa. Wannan harafi guda, A ko C, ya fi takardar birben kanta nauyi, domin shi ke yanke ko yaro zai iya zama likita ko injiniya, ko kuwa an rufe masa waɗannan ƙofofi tun yana ɗan shekara 15 ko 16. Uwaye da dama ba su sanin an yi wannan hukunci sai bayan shekara uku, ranar da yaro ya dawo daga jami'a ya ce ba a karɓar irin takardarsa a sashen koyon aikin likita.

Saboda wanda bai bi ta lakwal ba, ya kamata a warware yadda tsanin yake. Yaro yana yin shekara 6 a firamare, shekara 4 a kwaleji, shekara 3 a lise. Daga kwaleji ƙidayar azuzuwa da baya-baya take tafiya, irin ta Faransawa: siziyem, sankiyem, katiriyem, tarwaziyem, a nan ake yin birbe, sa'an nan sagwand, faramiyer, tarminal, a nan kuma ake yin bakaloreya, wato bak. A kwaleji kowa darasi iri ɗaya yake sha. Daga sagwand ne hanya ke rabuwa gida biyu, sagwand A ta harsuna da adabi, sagwand C ta kimiyya. Bayan shekara guda ita ma ta kimiyyar sai ta sake rabuwa: wanda ya fi ƙarfi a lissafi da fizik ya ci gaba da C, wanda ya fi karkata ga ilimin halittu da na ƙasa ya shiga D. A wajen adabi kuwa akwai A4, wadda ta fi kowace seri yawan jama'a, da A8 ta makarantun Faransanci da Larabci.

Wannan tsari na haruffa gado ne daga Faransa, wadda ta shimfiɗa shi a shekarun 1960. Ita kanta ta haɗe C da D wuri guda tun daga bak na 1995, daga baya ma ta soke haruffan a lise na gama-gari daga bak na 2021. Nijar da maƙwabta irin su Burkina Faso da Benin suna nan riƙe da su. Ba lalle ne hakan ya zama aibi ba, domin kowa da irin bukatarsa. Abin da ke aibi shi ne a yi shekaru masu yawa ana aiki da tsari alhali uwayen yara ba su san ma'anarsa ba.

Abin da ya bambanta seri da seri ya wuce sunan darussa. Ɗan C da ɗan D su ma suna karanta Faransanci, da Ingilishi, da tarihi da labarin ƙasa, da falsafa, kamar yadda ɗan A ma ke taɓa lissafi. Bambancin yana cikin yawan sa'o'in da ake ba kowane darasi a mako, da zurfin da ake kai wa, da kuma nauyin da ake ɗora masa a ranar jarrabawa, abin da malamai ke kira kwafisiyan. Ɗan kasuwa zai fi kowa saurin fahimtar wannan, tun da ya san ribar dala ɗaya a kan buhu ɗari ta fi ribar dala goma a kan buhu biyu. Maki bisa 20 ake ba da shi, kuma sai matsakaicin makin ɗalibi ya kai 10 ake cewa ya ci. A ɗauka, don misali kawai, nauyin lissafi 5 ne, na Ingilishi 2. Yaron da ya samu 6 a lissafi ya rasa maki 4 sau 5, ke nan ana bin sa bashin 20. Kafin Ingilishi ya biya masa wannan bashi sai ya samu 20 bisa 20, abin da ba a cika gani ba. Shi ya sa ɗan C da lissafi ya kayar da wuya wani darasi ya tashe shi. Wanda ya kusanci 10 bai kai ba ana ba shi damar zagaye na biyu, wanda ya zarce kuwa akwai darajoji a 12 da 14 da 16, kuma waɗannan darajoji suna da tasiri idan aka zo neman bursi ko gurbi a manyan makarantu.

A tarminal C lissafi ne sarki, fizik da shimi na biye: motsin abubuwa, wutar lantarki, haɗuwar sinadarai. A tarminal D ma ana yin duk waɗannan, sai dai ilimin halittu da ƙasa ya shigo gaba, wato yadda jiki ke aiki, da garkuwarsa, da haihuwa, da gadon halitta. A nan ne ɗalibi ke gane, da alƙalami da takarda, dalilin da ya sa idan miji da mata kowannensu yana ɗauke da ƙwayar amosanin jini ba tare da ciwon ya bayyana gare su ba, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da yaro mai ciwon. Darasi ɗaya ke nan da zai iya kare zuriya daga wahalar shekaru, ko da mai shi bai taɓa zama likita ba. Masu cewa D mafakar waɗanda C ta kora ce ba su yi mata adalci ba. Da yawa daga likitocin ƙasar nan da malaman gona ta nan suka fito.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Ƙofar nan gefe ɗaya take buɗewa. Yaron da ya shiga sagwand C ya ga ba zai iya ba, yana iya komawa A a shekara mai zuwa ba tare da wata babbar asara ba. Wanda ya shiga sagwand A kuwa, ko da daga baya basirarsa ta lissafi ta buɗe, da wuya ya koma C, domin abin da ya wuce shi a shekara guda ba ya kamuwa. Haka abin yake bayan bak. Mai bak C ko D yana iya zuwa ya karanta shari'a, ko tattalin arziki, ko aikin jarida idan ya ga dama. Mai bak A ba shi da hanyar shiga sashen lafiya, ko na kimiyya, ko na aikin gona a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, balle makarantar ma'adinai da masana'antu ta EMIG. Wannan ba raini ba ne ga A, wadda ke ba ƙasa alƙalai da lauyoyi da malamai da masu mulki, kuma ƙasa ba ta tafiya sai da su. Magana ce ta lissafin ƙofofi: ɗaya hanyar tana barin su duka a buɗe har shekara 18 ko 19, ɗayar tana rufe rabinsu tun da wuri.

Ta yaya ake yanke wannan hukunci? A kan tambayi ɗalibi abin da yake so, amma abin da ke magana da ƙarfi shi ne makinsa, musamman na lissafi da na darussan kimiyya a tarwaziyem, sai shekarunsa, sai gurbin da ke akwai. Ke nan hukuncin da ake gani bayan birbe tun a katiriyem aka fara rubuta shi, shekarar da lissafi ke barin ƙidaya ya koma haruffa, yara da yawa su ɓace a hanya ba tare da kowa ya lura ba. Uban da ya fara tambayar makin lissafin ɗansa bayan fitowar sakamako ya makara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk wanda ke bin jerin masu zama bak a ƙasar nan ya san ƴan C tsiraru ne ƙwarai idan aka kwatanta da ƴan A4 da ƴan D. Manyan makarantu irin su Lise Ɗan Baskore a Maraɗi, da Amadu Kuran Daga a Damagaram, da Agabba a Tawa, da Isa Korombe a Yamai, sun daɗe suna yaye ɗalibai a fannin kimiyya, akwai kuma Lise na Zaƙaƙurai a Yamai da ake shiga ta hanyar gasa. Amma da an bar manyan birane, lise da yawa ba su da ajin tarminal C ko kaɗan, wani lokaci don babu ɗalibai isassu, wani lokaci don babu malami. Yaron ƙauye mai kan lissafi sai ya zaɓa: ko ya bar gida ya nemi mai masauki a birni, ko ya shiga abin da ya samu. Ma'aikacin gwamnati da aka canza wa wurin aiki a tsakiyar shekara shi ma yana iya gamuwa da wannan, ya isa sabon gari da iyali ya tarar babu ajin da ɗansa ke ciki.

Tsoro ma yana da nasa rabo. Tun yaro yana kwaleji yake jin yayyensa na cewa C ta mahaukata ce, mai shigarta ba ya barci, ba ya zuwa biki. Sai ka ga yaro mai maki 14 a lissafi ya gudu zuwa inda yake jin takarda ta fi sauƙin samu. Abin mamaki, a shekaru da dama ƴan C ne ke fin sauran seri na gama-gari yawan cin bak idan aka duba kashi cikin ɗari, ko da yake ya kamata a tuna tatattu ne tun daga farko. Inda kowa ya tafi don neman sauƙi, nan ne cunkoso yake, a ajin lise, da zauren jami'a, da layin neman aiki.

Matsalar malamai kuwa zobe ce da ke cin kanta. Idan ƴan C sun yi kaɗan, masu karanta lissafi da fizik a jami'a za su yi kaɗan. Cikin waɗannan kaɗan ɗin, kamfanonin ma'adinai da na waya da ƙungiyoyin raya ƙasa su kwashe nasu da albashin da alli ba zai iya biya ba. Abin da ya rage shi ake rabawa lise da kwalejin ƙasa baki ɗaya, inda bai kai ba a cike da ɗan kwantaragi wanda wataƙila wani fanni dabam ya karanta. Malamin da shi kansa yake tsoron babi, tsallake shi zai yi, ko ya juye shi a allo yara su kwafa. Daga nan sai a sake samun ƙarancin ƴan C, zoben ya koma inda ya faro.

Ga kuma ɗakin gwaji. Kimiyya da hannu da ido ake koyonta, amma a makarantu da yawa a allo ake zana kwalba, a zana wuta ƙarƙashinta, a ce wa yara ruwan ya canza launi. Su kuwa su hardace sunan launin. Ɗalibi na iya kai wa tarminal D bai taɓa leƙa madubin ganin ƙananan halittu ba, alhali a kansu za a tambaye shi. Idan aka haɗa wannan da yajin aiki, na malamai ko na ɗalibai, ɓarnar ta fi tsanani a kimiyya. Babin tarihi da aka rasa yaro na iya karanta shi a gida. Lissafi kuwa gini ne, idan sahun bulo ɗaya ya ɓace duk abin da aka ɗora a kai sai ya karkace.

Akwai wani shinge da ba a cika ambata ba, shi ne harshe. Ɗan Bahaushe a Nijar tun yana ƙarami yake ninkawa da rabawa da biyar ba tare da ya sani ba: an rubuta 100 a jikin kuɗi, shi kuwa ya ce dala ashirin, an ce masa dala tamanin, ya san 400 ake nufi. Yaron da ke zama a rumfar ubansa yana juya naira zuwa sefa da ka kafin mai injin lissafi ya gama latsawa. Wannan yaron ne zai dawo daga lakwal ya ce ba shi da kan lissafi. Sau da yawa lissafin bai gagare shi ba, tambayar ce bai gane ba, domin da Faransanci aka yi ta, da jimla mai tsawo da kalmomin da ba ya ji ko'ina sai a aji. An fara gwajin koyarwa da Hausa a firamare a Damagaram tun 1973, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya mayar da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Duk da haka ɗan C da ɗan D da Faransanci suke karanta littattafansu, da shi kuma suke amsa tambayoyin jarrabawa. Uban da ke son ɗansa ya yi kimiyya, kada ya yi wasa da makin Faransanci.

Me ya sa wannan magana ta shafi wanda ba shi da ɗa a lise? An fara haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971. Matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram ta fara aiki a 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana. A 2024 aka fara fitar da ɗanyen mai na Agadem ta bututun da ya kai gaɓar tekun Benin, tsawon kusan kilomita 2,000. An buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana a Malbaza a 2018, da wata a Goru Banda a 2023. A 2025 gwamnati ta sanar da mayar da kamfanin SOMAIR hannun ƙasa. Doka na iya mayar da mallaka cikin yini guda, amma wanda zai tsaya gaban injin, ya auna sinadari, ya karanta taswirar ƙarƙashin ƙasa, sai an yi shekara 3 a lise da aƙalla 5 a gaba kafin a same shi. Injiniyan da za a nema bayan shekara takwas, yau yana tarwaziyem yana shawarar ko ya gudu daga lissafi. Jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa da aka kafa a 2010, da na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi da suka biyo a 2014, dukansu daga rijiya ɗaya suke ɗiba.

Kuma ba a ce ƴan wannan yanki ba su da gadon abin ba. Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, a Tasawa aka haife shi a 1929. A zamaninsa sai da ya tafi Senegal, daga can Faransa, kafin ya samu ilimin da yau ake fara bayarwa a Tasawa ɗin kanta. Ya zama gwani a fizik, ya wallafa littafi kan ilimi a Afirka a 1964, ya riƙe ofishin makamashin rana na ONERSOL daga 1969, ya shugabanci jami'a daga 1979, ya rasu a 1991. Tun lokacin da mutane ke yi wa rana kallon azaba kawai, shi yana ƙera abin dafa ruwa da ita. Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, wanda aka sa wa jami'ar Maraɗi sunansa, masanin shimi ne, ya riƙe ma'aikatar ilimi a zamanin Diori Hamani.

Ƴan mata sun fi kowa ƙaranci a ajin C, kuma dalilin ba daga kwanya yake ba. Yarinyar da za ta dawo daga lakwal ta ɗora tukunya, ta yi wanke-wanke, ta goyi ƙane, ba ta da sa'o'i biyun nan na dare da lissafi ke nema kullum. Dokar da aka sa wa hannu a Disamba 2017 ta tanadi kare karatun ƴa mace har shekara 16, shekarar da ake shiga sagwand ke nan. Daga nan sai abin da gida ya yanke. Magidancin da ke ƙin namiji ya duba matarsa a asibiti, ya kamata ya tambayi kansa daga wane gida likita mace za ta fito.

Sai dai a kiyayi ɗaya gefen. Wani ma'aikaci, don a ce ɗan wane yana C, sai ya bi ta bayan gida a tura yaron da makinsa bai kai ba. Ƙarshenta yaro ya maimaita aji, ya sake maimaitawa, a kore shi ko ya fita da ƙiyayyar karatu, alhali da an bar shi a A da tuni ya wuce. Alhajin kasuwa kuma nasa kuskuren dabam ne: yana biyan kuɗin makaranta ba ya ƙorafi, amma da kaya sun iso daga Kwatano ko Kano sai ya ɗauke yaro mako guda ya taya shi ƙirga, yana ganin mako ɗaya ba komai ba ne. Ga irin waɗannan gidaje ma akwai hanya ta uku da ake mantawa da ita, ta lise na fasaha, irin su Ɗan Kasawa a Maraɗi: seri E ta lissafi da ƙere-ƙere, F ta kanikanci da lantarki da gini, G ta ajiyar lissafin kuɗi da kasuwanci. Ɗan kasuwar da dukiyarsa ta fi ƙarfin littafin bashi da ƙwaƙwalwarsa, yana da bukatar ɗa mai bak G a cikin gida.

Masu kai ƴaƴansu makarantun kuɗi, waɗanda suka yawaita a Yamai da Maraɗi da Damagaram, su ma kada fenti da kayan makaranta su ruɗe su. Wanda zai sayi buhun wake yakan soka masa ƙarfe ya ga abin da ke ciki. Uba na da haƙƙin ya tambayi shugaban makaranta ko akwai ajin C har tarminal, ko kuwa a sagwand abin yake tsayawa. Ya tambayi ko malamin lissafi da na fizik na makarantar ne ko na haya ne da ke zagaya wuri uku a yini. Ya nemi sanin ɗalibai nawa aka kai bak bara a seri ɗin da yake so da kuma nawa suka ci, domin kashi ɗari bisa ɗari na mutum huɗu ba abin alfahari ba ne. Idan an ce akwai ɗakin gwaji, ya ce a buɗe masa ya gani, ya shafa teburin da yatsa.